Darasin Wannan Wata: Jita-jita a Kan Haihuwa, da Yadda Za Mu Ba da Labari Daidai

 An shirya wannan darasi domin a karanta shi a taron Zumuntar Mata, da na maza, da na matasa. Amma muna roƙon magatakardan ikilisiya da masu yin sanarwa ranar Lahadi su karanta shi sau biyu, gama a ƙauyukanmu su ne jarida, su ne kuma rediyo. Abin da aka faɗa daga gaban majami'a, kafin yamma ya kai bakin rijiya, ya kai wurin niƙa, ranar kasuwa kuwa ya tsallake rafi zuwa wani gari. Idan maganar ta shafi ciki da haihuwa, gudunta ya fi haka, domin babu gidan da ba ta taɓa ba.

Abin da ya faru a 2003

Manya a cikinmu za su tuna. A shekarar 2003 magana ta bazu a arewacin Nijeriya cewa maganin rigakafin shan inna da ake ɗiga wa yara a baki an haɗa shi da abin hana haihuwa, waɗansu ma suka ce da ƙwayar cutar ƙanjamau. Jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da aikin. Kano ce ta fi daɗewa, sai a watan Yuli na 2004 ta yarda aka ci gaba, bayan an kawo maganin daga ƙasar Indonesiya.

A 2002 yara 202 ne aka tabbatar shan inna ta kama a Nijeriya. A 2006 sun wuce 1,100. Cutar kuma ta fita daga ƙasar nan ta koma wajen ƙasashe 20 da suka riga suka rabu da ita, har Yemen da Indonesiya. Sai a 2016 aka ga na ƙarshe da asalin ƙwayar cutar ta kama, a Jihar Borno, kuma a ranar 25 ga Agusta 2020 aka ba da shaida cewa Afirka ta rabu da ita. Har yanzu ana yin rigakafin, domin akwai wani nau'in ƙwayar da yake yaɗuwa inda yara da yawa ba su karɓa ba.

To, ina maganar hana haihuwa ta kwana? Yaran da aka ɗiga wa maganin a waɗannan shekaru yau su ne iyaye. Muna zuwa bikinsu, muna zuwa sunan 'ya'yansu. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mace a shiyyar arewa maso yamma tana haihuwar 'ya'ya tsakanin shida da bakwai a rayuwarta, fiye da kowace shiyya. Waɗanda aka hana su maganin kuwa, waɗansunsu muna ganinsu a tasha suna tafiya da hannu. Ba wanda ya koma ya ba su haƙuri.

Kada wani ya karanta wannan ya ce ai matsalar maƙwabtanmu Musulmi ce. A 1990 a ƙasar Kamaru, sa'ad da aka fita yi wa 'yan mata allurar ciwon sarƙewar haƙora, wanda a asibiti ake kira tetanus, irin wannan magana ta tashi. 'Yan makaranta suka riƙa tsallake taga suna gudu, har aka tsai da aikin. A 2014 a ƙasar Kenya, bishop-bishop na Katolika ne suka fito suka ce allurar tana ɗauke da abin hana haihuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da gwamnatin ƙasar suka ƙaryata. A watan Agusta na wannan shekara ta 2014, wa ya manta daren da aka tashe mu da waya a kan mu sha ruwan gishiri mu yi wanka da shi saboda Ebola? Kirista da Musulmi duk mun ɗora tukunya. Aƙalla mutum biyu suka mutu, aka kwantar da waɗansu a asibiti. Waɗanda suka buga mana waya ba maƙiyanmu ba ne. 'Yan'uwanmu ne da suke ƙaunarmu, ba su dai tambaya ba.

Me ya sa mutane masu hankali suke gaskatawa?

Idan ba mu amsa wannan da gaskiya ba, za mu riƙa kiran mutanenmu jahilai, su kuwa su daina sauraronmu. Yawancin jita-jita tana da ɗan ƙwayar gaskiya da take tsirowa a kai.

A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan. Yara 200 ne suka shiga gwajin, 11 suka mutu, biyar cikin waɗanda aka ba sabon maganin, shida cikin waɗanda aka ba wani na dabam. Iyaye suka ce ba a yi musu bayani cewa gwaji ake yi ba. Kamfanin bai karɓi laifi ba, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75. Wannan ba jita-jita ba ce, ya faru. Wanda ya san wannan labari, idan ya yi shakka bayan shekara bakwai, ba za mu ce masa mahaukaci ba. Mai ba da labari na gaskiya zai faɗi wannan, ya kuma faɗi cewa maganin shan inna wani abu ne dabam da aka yi shekaru ana ba yara a duniya duka.

Akwai kuma tambayar da mutane suke yi wadda ta cancanci amsa: "Me ya sa mata kaɗai?" Amsar tana da sauƙi, amma sau da yawa ba a tsaya an ba da ita. Ƙwayar tetanus tana cikin ƙasa da kashin dabbobi. Tana shiga jariri ta cibiya idan an yanke ta da reza marar tsabta, ko an shafa mata toka ko wani abu. Jariri ya kama mama lafiya kwana uku ko huɗu, sai ya daina, jikinsa ya sandare. Idan uwa ta karɓi allurar, ƙarfin kariyar yana bi ta mahaifa zuwa ga jaririn tun kafin a haife shi. Shi ya sa ake neman mata.

Na uku, rashin haihuwa abu ne da yake nan, kuma yana da zafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 wajen mutum ɗaya cikin shida yana fuskantarsa a wani lokaci na rayuwarsa. Macen da ta shekara biyar babu ciki, dangin miji suna ta magana, dole ta nemi dalili, allurar da aka taɓa yi mata kuwa ita ce mafi kusa da za a nuna da yatsa. Amma a ƙasashenmu babban abin da yake toshe hanyar ƙwan mace shi ne ciwon sanyi da ba a yi maganinsa da kyau ba, da ƙwayoyin cuta da suke shiga bayan haihuwa ko ɓari a wuri marar tsabta. Kuma kusan rabin lokaci, matsalar tana da hannun namiji. Iyayenmu maza, ku yi haƙuri da mu, wannan ma yana cikin labarin da ba a bayarwa daidai. Idan za a je gwaji, a je tare.

Wa yake biyan kuɗin ƙarya?

Matar ma'aikaci a Jos ko Kaduna, idan ta ji magana a WhatsApp, tana da ƙawa nas, tana da asibiti kusa, kafin dare ta ji ta bakin mutum uku. Matar manomi da take tafiyar awa biyu kafin ta ga ƙaramin asibiti, abin da ta ji daga uwar mijinta shi ke nan. Saƙon ɗaya ne, amma nauyinsa a kan ta ƙauye yake sauka.

Lissafin gwamnati ma ya nuna haka. A binciken 2018, kashi 61 cikin 100 na haihuwa a birane a asibiti aka yi su, a ƙauyuka kuwa kashi 26 ne kawai. A kudu maso gabas sun kai kashi 82, a arewa maso yamma kashi 16. Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar 2023 ya ce mata wajen 75,000 ne suka mutu a Nijeriya saboda ciki da haihuwa a wannan shekara kaɗai, wato wajen 200 kowace rana, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya duka.

Ba mu ce jita-jita ce ta kashe su duka ba. Idan muka ce haka, mu ma mun ba da labari ba daidai ba. Akwai rashin hanya, da rashin kuɗin mota, da asibitin da ake zuwa da dare a tarar da kwaɗo a ƙofa, da ma'aikaciyar da take yi wa mai naƙuda tsawa har ta rantse ba za ta koma ba. Waɗannan gaskiya ne, ya kamata kuma a faɗe su ga masu iko. Amma jita-jita tana ƙara kaya a kan wanda ya riga ya yi nauyi. Ku ɗauki maganar nan da ake yi cewa duk wadda ta je asibiti fiɗa za a yi mata. A binciken 2018, wajen haihuwa uku ne kawai cikin ɗari aka yi ta fiɗa a ƙasar nan. Matsalarmu ita ce masu bukatar fiɗa ba sa samu a kan lokaci. Doguwar naƙuda, kan jariri yana danne mafitsara kwana biyu ko uku, ita ce take kawo yawancin yoyon fitsari. Ba maita ba ce, ba kuma hukuncin zina ba ne. Ana gyara shi da aiki, a cibiyar Evangel da take Jankwano a Jos, da Babbar Ruga a Katsina, da waɗansu wurare. A watan Nuwamba 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da shirin yin fiɗar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi. Kafin a yi sanarwar wannan a majami'a, a aiki mutum ya tambaya wane asibiti ne a yankinku yake cikin shirin, da takardar da ake bukata, domin kada a tura mutane da hannu wofi su dawo suna cewa ikilisiya ta ruɗe su.

Tazarar haihuwa: a faɗi duka

A nan muke so mu daɗe kaɗan. Mun san ɗariku sun bambanta a koyarwa a kan hanyoyin tazara, kuma shawarar ta miji da mata ce. Abin da ya shafe mu a wannan darasi shi ne kada su yanke shawara a kan ƙarya, ko ƙaryar masu tsoratarwa, ko ta masu tallar da suke cewa babu wata matsala ko kaɗan.

Tazara ba baƙon abu ba ne. Kakanninmu suna gudun kunika, mace takan tafi goyon ciki gidan iyayenta, ba a kuma yaye yaro sai ya kusa shekara biyu. Likitoci ma shawararsu ke nan: a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin wani ciki, bayan ɓari kuwa wata shida. Shayarwa tana hana ciki, amma da sharaɗi uku a haɗe: yaro bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, jinin wata kuma bai dawo ba. Idan ɗaya ya karye, kariyar ta tafi. Mata da yawa sun yi ciki suna cewa ai ina shayarwa.

Allurar wata uku ba ta kashe mahaifa. Amma gaskiya ne tana canza jinin wata: wata ta riƙa ganin ɗigo-ɗigo, wata ya ɗauke mata gaba ɗaya, wata ta ɗan ƙara jiki. Jinin da bai zo ba ba taruwa yake yi a ciki ba, jikin ne bai shirya shi ba tun farko. Gaskiya ne kuma bayan an daina, ciki yakan yi jinkiri, sau da yawa wajen wata goma daga allurar ƙarshe, wata ma ta wuce shekara. Macen da ba a gaya mata wannan tun farko ba, idan ta daina ta ga wata shida shiru, me kuke tsammani za ta faɗa wa ƙawayenta? A ganinmu, rabin jita-jitar allura daga wannan ɓoyon ta fito.

Ashanar da ake sa wa a damtse tana aiki shekara uku ko biyar, gwargwadon irinta. Ba ta narkewa a jiki, ma'aikaci ne yake cire ta, kuma da an cire mace tana iya yin ciki ba da daɗewa ba. Ita ma tana canza jinin wata. Mace tana da iko ta ce a cire mata duk ranar da ta ga dama, ba sai lokacin ya cika ba. Idan an hana ta, wannan abin kai ƙara ne. Robar mahaifa kuwa takan ƙara yawan jini da ciwon mara a watannin farko. Babu ɗaya cikin waɗannan uku da yake kare mutum daga ƙanjamau ko ciwon sanyi.

Sabuwar magana ita ce allurar sankarar bakin mahaifa, wadda aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a watan Oktoba 2023, sauran jihohi suka bi a watan Mayu 2024. Tsohuwar waƙar nan ta hana haihuwa ta sake tashi. Ga abin da za mu iya faɗa da tabbaci. A 2020 mata wajen 12,000 ne suka kamu da wannan ciwo a Nijeriya, wajen 8,000 suka mutu. Wata ƙwayar cuta ce mai suna HPV take kawo shi, kuma allurar ta fi aiki idan an yi ta kafin yarinya ta haɗu da ƙwayar, shi ya sa ake neman ƙanana. Tun 2006 ake amfani da ita a duniya, waɗanda suka karɓa da fari sun yi aure sun haihu. Hannu yakan yi ciwo, wata ta ji ɗan zazzaɓi ko jiri, ya wuce. Sau ɗaya ake yi, kuma kyauta ne.

Kwando uku

Luka, wanda ya rubuta Bishara, likita ne, kuma a farkon littafinsa ya nuna cewa sai da ya bi diddigin al'amura daga wurin waɗanda suka gani da ido kafin ya rubuta. Ga hanya mai sauƙi da muke koya wa masu kawo mana rahoto daga ƙauyuka. Kowace magana a sa ta cikin ɗaya daga kwando uku: abin da na gani da idona, abin da aka faɗa mini, da abin da nake tsammani. Laifi ba ya cikin kwando na biyu ko na uku. Laifin shi ne a ɗebo daga na uku a zuba a na farko.

Misali, a ce wata ta yi ɓari mako biyu bayan an yi mata allura a awo. "Ta yi ɓari bayan allura" abin da aka gani ne. "Allura ce ta zubar da cikin" tsammani ne. Zakara yana cara kafin gari ya waye, amma ba shi yake fito da rana ba. Ɓari yana faruwa ga mata da yawa da ba su taɓa ganin allura ba, zazzaɓin cizon sauro ma yana kawo shi. Duk da haka ba a binne maganar. A kai ta wurin shugaban asibitin, gama akwai takardar da ake cikawa domin duk abin da ya faru bayan rigakafi, akwai kuma jami'in sa ido a kan cututtuka a kowace ƙaramar hukuma. Idan da matsala a maganin, ta wannan hanya ce za a gano.

Saƙon murya da ya shigo waya, a tambaye shi kamar baƙo: daga ina, wa ya aiko ka? Idan ya ce "wani likita a Amurka" babu suna, babu asibiti, babu rana, ya kuma ƙare da cewa a tura wa mutum goma cikin gaggawa, a ajiye shi tukuna. Sa sunan Yesu a farkon saƙo ba ya mai da shi gaskiya. A duba kuma ko mai maganar yana da abin sayarwa, domin sau da yawa wanda ya fi zagin maganin asibiti a kasuwa yana da kwalabe a bayan motarsa. Baba Fasto da dattawa, muna roƙo, duk sanarwar da ta shafi lafiya kada ta hau bagade sai an ji ta bakin ma'aikacin lafiya wanda aka san sunansa da wurin aikinsa.

Idan mace ta rasu a wurin haihuwa

Wannan ne rahoto mafi wuya, shi ne kuma wanda ba ya kaiwa ko'ina. Akan yi jana'iza, a ce lokacinta ne ya yi, a rufe maganar. Wadda ta mutu a gida ko a kan babur ba ta shiga littafin asibiti, saboda haka a ofishin ƙaramar hukuma ƙauyenku yana nan kamar babu matsala, idan an zo raba ungozoma da magani kuwa sai a tsallake ku. Gwamnati tana da tsarin bin diddigin mutuwar masu ciki da jarirai, kuma ƙa'idarsa ita ce ba a neman wanda za a ɗora wa laifi, ana neman inda aka yi jinkiri ne.

Jinkirin iri uku ne: a gida kafin a yanke shawarar tafiya, a hanya, da a asibiti kafin a duba ta. Bayan kwanakin makoki, shugabar Zumuntar Mata da wata dattijuwa su je su zauna da iyalin a hankali. Yaushe naƙuda ta fara? Yaushe aka ga alamar haɗari, kamar zubar jini, ko ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska, ko jijjiga, ko naƙudar da ta wuce awa 12? Wa aka jira ya ba da izini? Awa nawa aka yi ana neman mota, nawa aka biya? Da aka isa, wa aka tarar? A rubuta sa'o'in, gama zubar jini bayan haihuwa yana iya kashe mace cikin awa biyu. Ba a karanta sunanta a taro, ba a kuma ambaci mijinta ko ungozomar gargajiya a wa'azi. Idan mutane suka ga ana kunyata waɗanda suka faɗi gaskiya, na gaba ba zai buɗe baki ba.

Aikin da za a yi kafin taro na gaba

Kowace ƙungiya ta rubuta maganganu uku da ake yi a ƙauyenku a kan awo, ko allura, ko tazarar haihuwa, yadda ake faɗarsu, ba tare da sunan kowa ba. A gayyaci ma'aikacin lafiya na asibitin da ya fi kusa ya zo ya amsa su a gaban maza da mata, a kuma ba shi dama ya ce "ban sani ba, zan tambayo" idan bai sani ba. Magatakarda kuma ya buɗe shafi a littafin ikilisiya, ya rubuta yawan matan da suka haihu daga Janairu zuwa yau, nawa a gida, nawa a asibiti, nawa ne uwa ko jariri bai tashi ba. A ba ma'aikacinmu na yanki kofe sa'ad da ya zo zagaye, a kai ɗaya kuma ga kwamitin lafiya na gunduma.